Baitin da Arvel Ya Manta

Shekara talatin da tara Verlie ta yi ba ta ɗaga murya ta yi waƙa a gaban mutane ba. Ko a coci ma a ƙasan maƙoshi take yi. Duk mutanen ƙauyen Rafin Sang sun san dalili, sun kuma san ba maganar da ake ɗaukowa a gabanta ba ce. In aka kunna rediyo a shagon gyaran gashi aka sako muryar yayanta, Arvel Stidham, sai wata ta yi wuf ta murɗa zuwa labarin farashin taba.

Su biyu kaɗai iyayensu suka haifa. Mahaifinsu mai haƙar kwal ne daga Litinin zuwa Asabar, ranar Lahadi kuma shi ne mai jan baiti a cocin kan tudu. Cocin nan ba ta yarda da molo ba, ba ta yarda da ganga ba, littafin waƙa ma guda ɗaya ne tal, a hannun mai ja. Shi zai faɗi baiti da sauri da siririyar murya, jama'a su karɓa su ja shi a hankali kamar ba za su kai ƙarshensa ba, sannan ya faɗi na gaba. Aikin maza ne tun kaka da kakanni. Amma yaro ba ruwansa da wannan doka. A barandar gida Verlie ce take ja wa yayanta, domin ita ce mai riƙe kalmomi, shi kuwa Allah ya ba shi murya ya hana shi natsuwa.

Da suka tasa, suka riƙa waƙa a ƙaramin gidan rediyon garinsu kowace safiyar Asabar, shi da jita, ita da amshi a sama da muryarsa. A nan wani mai kamfanin faifai daga birnin Nashville ya ji su, ya ce su zo. Verlie ta ɗinka riga shuɗiya, ta sayi takalma masu tsini, na farko a rayuwarta. Abin da ba ta sani ba shi ne mutumin ya sake aiko wasiƙa, ya ce namijin kawai suke so, muryar yarinyar ta cika ƙauyanci. Mako guda Arvel yana yawo da wasiƙar a aljihu. Ya bar ta ta shirya akwati, ya bar ta ta yi sallama da maƙwabta, ya bar ta ta zo har tasha. Sai da ya sa ƙafa ɗaya a matakalar bas ya juyo, bai ko iya kallon idonta ba.

“Ki koma gida tukuna, Verlie. In na zauna zan aiko a ɗauke ki.”

Mil bakwai ta taka zuwa gida da akwati a hannu, takalman suna cin dugaduganta. Kafin ta haye gadar katako ta ƙofar gidansu ta riga ta rantse: ba za ta ƙara haɗa murya da shi ba sai ranar da ya zo da ƙafarsa ya ce bai kyauta ba.

Shi kuwa ya tafi ya zama abin da ya zama. In ana lissafa manyan mawaƙan karkara ba a kai yatsa na biyar ba a ambaci Arvel Stidham ba. Faifai sama da arba'in, riguna masu walƙiya da sai ka kare ido, mata uku, shekara goma a cikin kwalbar giya, sannan ya farfaɗo ya dawo da waƙoƙin da suka fi na farko ratsa zuciya. Direbobin manyan motoci sun yi kuka da muryarsa a kan hanya, zawarawa sun yi kuka da ita a ɗakin girki. Gida kuwa yakan zo jana'iza. Ya aiko wa Verlie da firji lokacin aurenta, ya aiko da injin wanki da ta haihu, ya aiko da talabijin da mijinta ya rasu. Kalma uku ce ta gagare shi, ita kuma ba ta ga dalilin da za ta sauƙaƙa masa ba. Kai, zuriyar Stidham ba daga nan ba wajen taurin kai.

Wata Laraba cikin watan Agusta na 1998, Verlie na zaune a baranda tana zura ɗanyen wake a zare don ta rataye shi ya bushe, sai ga wata doguwar mota ta tsaya a bakin gada. Renita ce ta fito, 'yar Arvel ta fari, wadda yanzu ita ke riƙe da al'amuransa.

“Sannu da gida, Gwaggo.”

“Yauwa. Yau kuma me aka aiko? In injin ne ki mayar, ba ni da sauran wurin ajiyewa.”

Renita ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan matakala, ta ɗauki wake ɗaya tana jujjuyawa.

“Kin ji zai yi waƙa ranar Asabar a wurin baje kolin amfanin gona.”

“Ina da kunne. An manna hotonsa har a bangon asibitin dabbobi.”

“Ita ce ta ƙarshe, Gwaggo. Kansa ne. Shekara biyu ke nan muna ɓoyewa. Yana mantuwa. Da farko makulli, sai sunayen makaɗansa. Jiya ya tambaye ni ko ni ce sabuwar nas.”

Allurar ta tsaya a hannun Verlie. Ta ci gaba da zura waken, amma sai da ta soki yatsa.

“To ku hana shi mana. Wa ya ce dole?”

“Kullum ya farka abin da yake tambaya ke nan, yaushe za mu je gida in yi musu waƙa. Shi kaɗai ya rage masa da bai saki ba. Muryar tana nan, hannun ma yana nan. Kalmomin ne ke zubewa. Mun sa masa ƙaramin allo a gaban ƙafarsa, rubutu yana wucewa yana karantawa, amma wani lokaci sai ya manta da allon. Kuma 'yan talabijin za su zo daga Lexington. In ya tsaya yana zare ido a gaban mutanen garinsu, wannan hoton za a riƙa nunawa har bayan ransa.” Ta ajiye waken. “Ki hau ki tsaya kusa da shi. In ya ɓace ki riƙe shi.”

“Shi ya aiko ki?”

“Gwaggo...”

“Na ce shi ya aiko ki?”

“Yana cikin mota. Je ki tambaye shi da kanki.”

Verlie ta kakkaɓe zanenta ta sauka. Ta riga ta tanadi fuskar da za ta nuna masa, ta yi shekara da shekaru tana tanadinta. Yana zaune a kujerar gaba, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya gan ta ya ɗaga malafarsa da ladabi, ya yi irin murmushin nan da yake yi wa masu neman ya sa musu hannu a faifai.

“Barka da rana, baiwar Allah. Waken nan naki ya yi kyau. Mahaifiyata ma haka take rataye nata.”

Ta daɗe tana kallonsa. Ta so ta ga alamar wasa a idonsa, ba ta gani ba.

“Na gode,” in ji ta. Ta juya.

Da ta zo wucewa ta gaban Renita ba ta tsaya ba. “Ba zan hau ba. Na yi rantsuwa, ba kuma ke kika ɗora mini ita ba.”

Bayan motar ta tafi ta shiga ɗakin girki ta zauna kusa da tsohon firjin nan, wanda har yau bai taɓa lalacewa ba don neman magana. Haushi ne ya fara zuwa kafin tausayi. Tana ganin an cuce ta sau biyu: ya tafi ya bar ta a tasha, yanzu kuma ya sake tafiya, ya tafi da maganar da take jira. Sai can da yamma, tana juya wake a tukunya, ta tuna wuyan rigar nan da ya yi masa yawa, ta yi kukan da ba ta yi niyya ba.

Ranar Asabar ta ce za ta je ne kawai ta ga ko kwalabanta na tumatir sun ci gasa. Aminiyarta Ozella, wadda ta zo ɗaukarta, ta dube ta sama da ƙasa.

“Tumatir ɗin ne kika yi wa kitso da jan baki? Lallai bana sai sun zo na ɗaya.”

“Ja motarki, tsohuwar banza. Ke da haƙoranki ma na aro ne.”

“Na aro ne amma suna dariya. Naki na gado fa, wa ya taɓa ganinsu?”

Tumatir ya zo na uku. Ƙarfe huɗu kuwa ta yi musu a layi na bakwai na kujerun ƙarfe, wai don Ozella ta ce ƙafarta na ciwo. Filin ya cika maƙil. Tsofaffin mahaƙa da tulun iskar numfashi a gefensu, mata da jikoki, samari a kan bayan motocin ɗaukar kaya, ga warin soyayyen masara da na garken shanu. 'Yan talabijin sun kafa na'urarsu a gefen dandamali.

Da Arvel ya fito cikin farar riga mai walƙiya, filin ya ɗauki ihu. Ya rungumi jitarsa, ya buɗe baki, sai ga muryar nan yadda take, mai kauri, mai ɗan karyewa a ƙarshen baiti. Verlie ta lura da yadda idonsa ke sauka kan allon yana tashi, kamar kaza mai shan ruwa. Waƙa ta farko ta wuce lafiya, ta biyu ma haka. A ta uku ya maimaita baiti ɗaya sau biyu, jama'a suka ɗauka salo ne suka yi tafi. Verlie ta ga Renita a gefen labule tana cizon yatsa.

Wanda ya kafa dandamalin nan bai yi shawara da rana ba. Yamma yake fuskanta. Wajen biyar saura, rana ta sauko ƙasa da rufin, ta faɗa kan allon kai tsaye, ya koma fari fat. Daidai lokacin kuma mai goge ya ja farkon waƙar da kowa ya zo ji, waƙar wankan Baba, wadda su biyu suka haɗa a baranda shekarar da tari ya kwantar da mahaifinsu. Tun kafin ya fara mutane suka miƙe.

Baitin farko ya zo masa da kansa.

“Ruwa ya tafasa a bayan murhu...”

Ya tsaya. Ya dubi allon. Makaɗa suka zagayo suka dawo masa daidai inda zai shiga, bai shiga ba. Suka sake zagayowa. Ya matsa kusa da allon, ya sunkuya, ya kare shi da malafa, ya ɗago yana murmushin da ba na dariya ba. Ya dubi mai goge, mutumin da suka yi shekara ashirin tare, kamar yau ya fara ganinsa. Wani saurayi daga bayan mota ya yi fito ya ce, “Dattijo an koma kwalba ke nan!” Wasu suka yi dariya, wasu suka yi masa tsawa. Mai ɗaukar hoton talabijin ya saɓa na'urarsa a kafaɗa ya fara matsowa.

Jama'a sun san waƙar, amma sun san ta ne a bakinsa, ba wanda ya yi ƙarfin halin riga shi. Fili mai mutum dubu uku ya yi tsit. Arvel ya saki wuyan jitar, yana waige-waige kamar yaron da ya ɓace a kasuwa.

“Wayyo Allah,” in ji Ozella a hankali. “Verlie, dubi ɗan'uwanki.”

Tana dubansa. Rantsuwarta na nan, ba ta manta ko kalma ɗaya ba. Bai zo ba, bai faɗa ba, ba kuma zai taɓa faɗa ba yanzu. Ta tuna ma cewa mace ba ta jan baiti, ga dattawan coci uku a layi na biyu. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ba ta san lokacin da ta ajiye jakarta a cinyar Ozella ba.

Ba waƙa ta yi ba. Ta ɗaga haɓa ta jefa baitin da sauri, da siririyar murya mai hawa a ƙarshe, sak yadda mahaifinsu yake yi ranar Lahadi.

“Inna ta ji takun Baba a kan gada!”

Muryar ta tsaga filin, da dukan ƙauyancinta. Kawuna suka juyo. Arvel ya daina waige. Ya tsaya cak, kansa a karkace, sannan a hankali ya cire malafarsa ya riƙe ta a ƙirji, domin ba a karɓar baiti da hula a ka. Ya rufe ido ya karɓa. Ba yadda yake a faifai ba. Ya ja shi a hankali irin na coci, kowace kalma sai ta lanƙwasa sau uku kafin ya sake ta. Makaɗa suka yi ƙoƙarin bin sa suka kasa, mai goge ya sauke gogensa, sauran ma suka yi shiru.

Kafin ya kai ƙarshen baitin wani tsohon mahaƙi ya shiga, da ɗan numfashin da ya rage masa. Sai matarsa. Sai layi na biyu gaba ɗaya, har da dattawan nan uku. Mutanen da suka yi shekaru ba su taka cocin kan tudu ba suka ji bakinsu yana yi da kansa.

“Ta wanke baƙin kwal ɗin da ke bayansa!” Verlie ta jefa.

Fili ya karɓa, muryar Arvel a kan gaba. Hawaye na bin kumatunsa, amma fuskarsa ta kwanta, ba sauran tsoro. Haka suka bi waƙar baiti bayan baiti, tana ja yana karɓa, ba ta bar shi ya yi taku ɗaya shi kaɗai ba. Waƙar minti uku ta ci kusan kwata. Mai ɗaukar hoto ya rasa wanda zai nuna, shi ko tsohuwar da ke tsaye a layi na bakwai da jan bakin da ya fara gogewa.

Da aka zo baitin ƙarshe ta buɗe baki za ta ja, sai ya riga ta. Wannan bai manta ba.

“Na ƙirjinsa kuwa sai kabari.”

Ta ji muryarta ta hau sama da tasa ta zauna a wurinta na da, kamar jiya ta bar shi. Ta bar ta ta zauna.

Ba a yi tafi nan da nan ba, don ba a tafi a coci. Sai da ya mayar da malafarsa sannan filin ya tuna inda yake, ya fashe.

Renita ce ta zo ta kamo hannunta, ta kai ta bayan dandamali. Yana zaune a kan kujera a inuwar babbar motarsu, an ba shi ruwa a kofin takarda, rigar walƙiyar ta jiƙe da gumi. Ya ɗago ya yi mata murmushin nan da yake yi wa baƙi.

“Ke ce kika ja baitin?”

“Ni ce.”

“Mace!” Ya yi dariya har da tari. “Da Babanmu ya ga wannan da ya haɗiye littafin. Amma kin iya, baiwar Allah, wallahi kin iya. 'Yar gidan wa ce ke?”

“Nan Rafin Sang nake.”

“To ai kin san ƙanwata. Verlie. Muryarku iri ɗaya.” Ya waiga ya rage murya. “Ta fi ni iya waƙa. Kada ki gaya wa mutanen Nashville.”

Verlie ta dafa jikin motar.

“Na bar ta a tasha,” in ji shi, yana kallon cikin kofin. “Da akwatinta. Ta gilashin baya na hango ta, ta juya ta kama hanya. Sababbin takalma ne a ƙafarta, ba ta saba ba, tana ɗingishi. Hanyar gidanmu da nisa fa. Kullum sai in ce yau zan faɗa mata, in na tashi faɗa sai in ga na sayi firji.” Ya ɗago, idonsa ya cika. “In kin gan ta, don Allah ki ce mata ban kyauta ba. Ki ce ni na ce. Za ki tuna?”

“Zan tuna.”

“Ban ma san ko ta isa gida lafiya ba.”

Renita ta juya musu baya tana share fuska. Verlie ta sunkuya ta karɓi kofin daga hannunsa kada ya zubar, ta gyara masa wuyan rigar nan da ya yi masa yawa, ta ɓalla maɓallin sama.

“Ta isa, Yaya,” in ji ta. “Ta isa lafiya. Takalman ma daga baya sun saki.”